Darasi: Kalmar "Positive" A Takardar Likitan Dabbobi

Mu nan Kilomita Biyar a Bangui mun fi sabawa da takardar Faransanci, amma duk wanda ya bi ta Garwa-Bulai har ya kai shanu Mubi zai gamu da ta Ingilishi. Kalma ɗaya za mu duba yau: positive. Bafaranshe positif yake rubutawa, duk abu guda ne.

A hira, in abokin ciniki ya ce amsar da ya samu positive ce, an amince ke nan. To nan fa ake yaudaruwa, don a takardar gwajin jini ba albishir ba ne. Ma'anarta kawai, abin da aka nema an same shi. In ciwon huhu aka nema, ko sammore, ko bakkale mai sa saniya ɓari, to an ga alamarsa a jinin dabbar, ko da tana kiwonta lafiya ƙalau. Negative kuwa, ba a gani ba. Wani lokaci ma ba sa rubuta kalmar, sai alamar + ko −.

Amma in ciki aka duba wa saniya, positive na nufin ta ɗauka, kuɗinta ya ƙaru.

Kada mu ba da kafin alƙalami sai an karanta mana abin da aka gwada. Mu tambaya ko an yi wa dabbar allurar rigakafi, don allurar bakkale takan sa gwaji ya nuna positive. Ciwon huhu kam ta numfashi ake ɗauka, sa ɗaya a tirela ya isa ya shafa wa sauran kafin a kai iyaka.