Lome a Shekarar 1914: Azumin da Jamus Suka Bar Togo

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, yawancinmu muna da dangi a Yendi ko Kete-Krachi. In sun zo biki, yaransu suna karatun boko da Turanci, mu kuma da Faransanci, har muna yi wa juna dariya. To mu 'yan aji shida mun bi sawun wannan rabuwa, sai ya kai mu Lome, shekarar 1914.

A lokacin Lome ce hedikwatar Jamus, tun 1897. Gari ne na ciniki. An gama gadar da jiragen ruwa ke sauke kaya a 1904, kuma hanyoyin jirgin ƙasa uku ne suka tashi daga garin: ta Aneho, ta Kpalime, da ta Atakpame. Mu nan arewa jirgi bai iso mu ba (har yau ma bai iso ba), don haka fatake da ƙafa da jakai suke bi ta Mango da Sokode. Sokode, Mango, Yendi da Kete-Krachi duk a ƙarƙashin tuta ɗaya suke. Babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yana zaune a Kete-Krachi yana karantarwa.

Sai yaƙi ya ɓarke a Turai a farkon watan Agusta. Mun lissafa da kalandar Hijira, muka ga ya faɗo cikin Ramadan na 1332. Wato mutanen Zango suna azumi aka shiga wannan rikici. Gwamna ba ya nan, ya tafi hutu Jamus, mataimakinsa von Doering ne ke riƙe da ƙasa. Ba shi da sojoji na sosai, sai 'yan sanda. Ya nemi maƙwabta a bar yaƙin can Turai, kada a kawo shi nan. Ingila da Faransa suka ƙi. Ran 6 ga Agusta aka ba shi awa 24 ya miƙa wuya. Bai miƙa ba, sai ya kwashe mutanensa ya bar Lome, washegari garin ya koma hannun Ingila ba tare da faɗa ba.

Me ya sa ya saki babban birni haka da sauƙi? Ai abin da yake tsaro yana Kamina, kusa da Atakpame: wata babbar tashar wayar iska da aka gama a shekarar, wadda ke haɗa Jamus da jiragenta na teku da sauran ƙasashen da take mulka a Afirka. Ita ake nema, ba kasuwa ba. Aka gwabza a bakin kogin Chra ran 22 ga wata, ana daf da ƙaramar salla, kuma mafi yawan masu riƙe da bindiga a kowane ɓangare baƙar fata ne. Daren 24 Jamus suka rusa tashar da hannunsu, ran 26 suka sallama. Sati uku ke nan, mulkin shekara talatin ya ƙare.

A arewa kuwa, Faransawa sun gangaro tare da mahayan Mosi suka kama Mango, Sokode ma ta shiga hannunsu. Da aka yi rabon wucin gadi, Ingila ta ɗauki Lome, Kpalime, Kete-Krachi da Yendi. Kun ga, Lome ta yi shekara shida ana Turanci a ofisoshinta, sai a 1920 aka miƙa ta ga Faransa tare da Kpalime. Yendi da Kete-Krachi ba su dawo ba: bayan ƙuri'ar 1956 suka bi Gold Coast, wadda ta zama Ghana a 1957.

Saboda haka muna roƙon duk mai tsoho a gida ya zauna da shi ya tambaya ta wace hanya kakanninsu suka bi da goro, ya rubuta, ya kawo wa malam kafin hutu.