Sunan Abu da Sunan Aikinsa: Nazari a kan Kalmar "Mashanya" a Gaban Shari'a

Hausa tana da wata hanya ta raɗa wa abu suna daga aikinsa, watau a liƙa ɗafa-goshin ma- a jikin aikatau. Ta haka aka samu mabuɗi, da magirbi, da ma'auni, da mashanya. Irin wannan suna yana bayyana abin da kaya ke yi, amma ba ya faɗin siffarsa. A fagen nahawu wannan ba aibu ba ne. A fagen shari'ar mallakar ƙirƙira kuwa, nan ne gardama take tashi.

A dubi ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978, ta bunƙasa noman rani. Idan tumatir da tattasai suka yi kwantai, sai a yanka a shanya: wani a fako, wani a tabarma, wani a bisa rumfa. Duk waɗannan mashanya ne. To, a ɗauka wani maƙeri ya ƙera taragar ƙarfe mai hawa uku, ya yi mata rajista, ya rubuta a cikin da'awarsa cewa ya mallaki "abin da ke ɗaga kayan lambu daga ƙasa domin iska ta busar da su". Shin kafintan da ya yi tasa da katako ya shiga haƙƙinsa? Manomin da ya gāji rumfar kara fa?

Dokar Nijeriya ta 1970 ta ba mai ƙirƙira kariyar shekara 20, ta kuma ce kalmomin da'awa su ne iyakar wannan kariya, amma da bayani da zanen da ke cikin takardar ake fassara su. Magatakarda ba ya binciken ko abin sabo ne, saboda haka nauyin yana komawa kan alƙali.

Amurka ta daɗe da cin karo da matsalar. A 1854 Kotun Ƙoli ta soke da'awa ta 8 ta Samuel Morse, domin ya nemi mallakar aika rubutu nesa da ƙarfin lantarki ta kowace hanya, har wadda bai ƙirƙiro ba. Dokarsu ta 1952 ta yarda a ambaci abu da aikinsa, da sharaɗin ma'anar ta tsaya a kan siffar da aka bayyana da makamantanta.

Bisa wannan ma'auni, kafinta yana iya shiga hannu idan katakonsa ya kwaikwayi hawa ukun nan daidai. Mai rumfar kara kuwa babu abin da zai taɓa shi, domin abin da jama'a suka riga suka sani ba ya zama sabo don an sāke masa suna.