Darasi na Tara: Bakwaini da Bibiyar Lafiyarsa ta Wayar Hannu

9.1 Gabatarwa

Kalmar “bakwaini” ta samo asali ne daga “bakwai”, wato jaririn da ya zo duniya a wata na bakwai. A fannin likitanci kuwa, duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini kimanin miliyan 13.4, kuma Nijeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

9.2 Kulawa Bayan Sallama

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen haɗari ba, domin jikin bakwaini ba ya riƙe ɗumi, tsotsonsa kuma ba shi da ƙarfi. Saboda haka ake koya wa mai jego goyon kangaru, wato ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. A nan ne manhajar wayar hannu ke taimakawa: uwa tana shigar da nauyin jariri da yawan shayarwa, manhajar kuma tana tuna mata ranakun rigakafi da na komawa asibiti. Sai dai ba ta maye gurbin likita. Idan jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, wajibi ne a garzaya asibiti.

9.3 Gyararren Lissafi

Babban amfanin bibiyar shi ne auna ci gaban yaro da mizanin da ya dace. Misali, wanda aka haifa a mako na 32 ya riga lokacinsa da mako 8. Idan ya cika wata 6, za a duba zamansa da gwarancinsa a matsayin ɗan wata 4. Haka ake lissafi har ya kai shekara 2. Rashin sanin wannan kan sa a ɗauki lafiyayyen yaro a matsayin mai nakasu, ko kuma a yi sakaci da jinkirin gaske, har sai ya bayyana a aji.

9.4 Auna Fahimta

1. Bambanta ma’anar “bakwaini” a wurin Bahaushe da a wurin likita.
2. An haifi jariri a mako na 28. Watansa nawa a gyararren lissafi idan ya cika wata 9?