Saƙar Rigar Sanyi da Hannu: Wahalhalunta da Darussanta

Gabatarwa

Idan aka ambaci saƙa a ƙasar Hausa, masaƙi da ƙoshiyarsa su ke fara zuwa a rai. Amma akwai wata saƙar da ake yi da kibiyoyi biyu da zaren ulu, wadda mata kan duƙufa a kanta idan hunturu ya ƙarato. Manufar wannan maƙala ita ce duba wahalhalun da ke cikin saƙar rigar sanyi, watau suwaita, da kuma darussan da ke tattare da su.

Asalinta

Wannan sana'a daɗaɗɗiya ce. Daga cikin tsofaffin kayanta da masu bincike suka gano akwai safar auduga da aka saƙa a Masar tsakanin ƙarni na 11 da na 13. A shekarar 1589 wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙirƙiro injin saƙar safa, amma duk da haka saƙar hannu ba ta mutu ba.

Yadda Saƙar Take

Masaƙi yana sarƙa zaren tsaye ne da na kwance. Ita kuwa mai kibiya zare ɗaya take zargawa cikin kansa, kowane zarge yana riƙe da ɗan'uwansa. Za mu kira zarge ɗaya "ido", kamar idon raga. Idan riga tana da ido 200 a kewaye da layi 170 a tsaye, gangar jikinta kaɗai ta ci ido 34,000, ban da hannuwa.

Wahalhalu

Wahala ta farko ita ce awo. Hannun kowa da irin damƙarsa. Wata tana tsuke zare, wata tana sakinsa. A ce an tsara ido 20 ya ba da santimita 10, sai hannun mai saƙa ya ba da ido 18. Rigar da aka nufa da santimita 100 za ta fito kusan 111. Maganin wannan shi ne a fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, a wanke shi, a auna, sannan a ɗora rigar.

Ta biyu ita ce suɓucewar ido. Da ɗaya ya zame daga kibiya, sai ya yi ta warwarewa zuwa ƙasa, ya bar gurbi kamar tsani. Idan an farga da wuri, kwarashi ya isa ya ɗago shi. In kuwa kuskuren a ƙirge yake, tilas a warware aikin kwanaki.

Ta uku ita ce ƙarewar zare. Ana rina ulu ne tukunya-tukunya, don haka wanda aka ƙaro daga baya yakan saɓa da na farko a launi, ko da sunansu ɗaya.

Ta huɗu tana ƙarshen aiki. Idan aka tsuke bakin wuya wajen rufewa, kai ba zai shiga ba. Haka kuma idan aka cuɗa ulu na gashin tumaki cikin ruwan zafi, sai ya cure, rigar ta tsuke, ba ta kuma komawa yadda take. A ruwan sanyi ake wanke ta, a shimfiɗa ta bushe, domin rataya tana sa ta zazzago.

Darussa

Bahaushe yana kiran aikin banza "tufka da warwara". Amma a wannan sana'a warwara ba hasara ba ce, domin zaren yana nan, kuma hannu ya ƙaru da sani. Hasara ita ce a ga kuskure a layi na goma, a rufe ido a ci gaba har na ɗari, sannan a ajiye rigar a adaka don ba ta sawuwa. Nan ga ulu ya tafi, ga makonni sun tafi, ga wanda aka yi wa alkawari yana rawar ɗari.

Darasi na biyu shi ne shiri. Awa ɗaya ta gwaji tana ceton aikin wata guda. Na uku kuwa shi ne sanin darajar aikin hannu; wanda ya ƙirga ido 34,000 ba zai yi wa mai saƙa tayin wulaƙanci ba.

Kammalawa

Ɗalibi ma zai ga kansa a nan. Rubutun da aka ɗora bisa gurguwar hujja tamkar riga ce da awonta ya ɓaci: ƙarin shafuka ba ya gyara shi, sai an koma inda zaren ya karkace. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.