Samarinmu Sun Shirya Riƙon Jama'a?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wata tambaya ne wadda a ke yawan ji a bakin dattawa bayan an tashi sujada. Su kan ce, "Yaran zamani ba su da kunya, ba su da haƙuri. In mun mutu, wa zai riƙe gari?" Samari kuma su kan ce, "Dattawa sun ƙi matsawa. Yaushe za mu koya?" Fiye da rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 30 ba, saboda haka tilas mu duba maganar da kyau, gama ko mun so ko mun ƙi, riƙon ƙasa da na ekklisiya zai faɗa hannunsu.

1. Yawan shekaru ba ya shirya mutum

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 12. Da Sulemanu ya rasu, jama'a suka zo Shekem suka roƙi ɗansa Rehobowam ya rage musu nauyin aiki. Dattawa suka ba shi shawara ya yi wa mutane hidima, ya amsa musu da taushi. Abokan tashinsa kuwa suka ce ya ƙara tsanani. Ya bi ta abokai, kabila goma suka balle, mulkin ya rabu biyu.

Mu kan ce ƙuruciya ce ta sa shi. Amma sura 14 ta nuna Rehobowam yana da shekara 41 sa'ad da ya hau sarauta. Yosiya kuwa, cikin 2 Tarihi sura 34, ya hau yana da shekara 8, ya fara neman Allah yana da 16, ya kuwa gyara ƙasa. Abin da ya raba su hali ne da kunnen jin shawara.

2. Abin da tarihin ƙasarmu ya koya mana

Waɗanda suka nema mana mulkin kai, da yawansu samari ne. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo batun mulkin kai a majalisa a Ikko yana da shekara 29. Malam Aminu Kano yana da shekara 30 sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Maitama Sule ya zama minista a 1959 yana da kamar shekara 30.

Amma samarin hafsoshi ne kuma suka ɗauki bindiga ran 15 ga Janairu 1966, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da waɗansu manya. Suna da ilimi, suna da zafin zuciya, amma jinin da suka zubar ya jawo wani jini, har ƙasa ta shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

A cikin wannan ruɗami aka ɗora wa Yakubu Gowon riƙon ƙasa a 1966, yana da shekara 31. Ɗan mai bishara ne, ya tashi a Wusasa kusa da Zariya. Da yaƙi ya ƙare a Janairu 1970 ya kira jama'a zuwa ga sulhu, ya hana ramuwa. A 1973 ya kafa aikin bautar ƙasa domin samari masu ilimi su zauna cikin waɗansu kabilu, su san juna. Duk da haka a 1974 ya janye alkawarinsa na mayar da mulki ga farar hula a 1976, aka kuwa tuɓe shi a 1975. Ashe ko wanda ya fara da kyau yana bukatar masu faɗa masa gaskiya.

3. Ƙofa a buɗe ta ke

A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa zaɓe. Na shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Doka ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta iya koya wa mutum riƙon amana. Wannan aikin gida ne da makaranta da ekklisiya.

4. Yadda a ke shirya magaji

Ku tuna da al'adar noma. Uba ya kan yi aikin gandu tare da 'ya'yansa, amma in yaro ya tasa sai a yanka masa gayauna tasa. A nan zai shuka, ya yi noma, ya ga abin da ragwanci ke haifarwa tun asarar ba ta da yawa. Ran da uba ya kwanta dama, ɗan ya riga ya san ƙasa da damina. Haka Joshuwa ya yi wa Musa hidima shekaru da yawa cikin jeji kafin Musa ya ɗibiya masa hannu a gaban jama'a duka.

To, dattawa, ina gayaunar samarinku? In ba ku taɓa ba saurayi ajiyar kuɗin baiko na ƙungiyarsa ba, ta yaya za ku sani ko zai iya riƙe baitulmali? Ku ba su ajin makarantar Lahadi, ku sa su rubuta maganar taro, ku aike su sulhunta ƙananan rigingimu. 'Yan mata ma haka, gama zumuntar mata ta daɗe tana nuna mana cewa mata sun iya riƙo. In sun yi kuskure ku gyara su a ɓoye. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ku kuma samari, ku gwada kanku. Kana zuwa a kan lokaci? In an ba ka aron kuɗi kana biya? Ka ci jarrabawa da guminka, ko da satar amsa? In ɗan siyasa ya ba ka kuɗi ka tayar da hankali ran zaɓe, za ka ƙi? Kana iya zama da maƙwabcinka Musulmi ko na wata kabila ka yi masa gaskiya? Wanda ya ci amanar naira ɗari zai ci ta miliyan. Kada kuwa ku raina tsofaffi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Amsar tambayarmu ke nan: waɗansu sun shirya, da yawa ba su shirya ba tukuna, laifin kuwa na ɓangare biyu ne. Lokacin gyara bai wuce ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa?
2. Wane aiki ne a ekklisiyarku dattawa za su iya miƙa wa samari kafin ƙarshen shekaran nan?
3. Wane saurayi ko budurwa ka ke koya wa aikin da ka ke yi? In babu, wa za ka zaɓa?

Mu yi addu'a domin samarinmu, kowa da sunansa.