Hanta da Ƙofofinta

Kai mai gida, in ka taɓa tsayawa wurin mahauci a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe, ka ga yadda ya ke lallaɓa hanta ya cire matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, don kada ta fashe ta ɓata nama. To, ka sani kai ma kana da irinsu a ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama. Nauyin hantar babban mutum ya kai wajen kilo ɗaya da rabi.

Ruwan nan mai ɗaci ba matsarmama ke yinsa ba, ajiya kurum ta ke yi. Hanta ce ke yinsa, fiye da rabin lita kowace rana. In ka ci abinci mai maiƙo, kamar miyar gyaɗa ko tuwo da man shanu, sai matsarmama ta matso shi cikin hanji. A cikinsa akwai wani gishiri mai ɗaci wanda ke farfasa mai, kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙon kwano, sa'an nan jiki ya iya shansa.

Jiki ba ya wasa da wannan gishiri. Can ƙarshen ƙaramin hanji a ke tsotse shi, wajen kashi 95 cikin 100, ya bi wata babbar jijiya ya komo hanta, a sake aika shi. Haka ya ke zagayawa sau da yawa a wuni guda. Jijiyar nan kuwa ita ce ke kwaso jinin ciki da na hanji. Watau duk abin da ka haɗiye ya shiga jini, tuwo ne, ko ƙwayar magani, ko jiƙo, sai ya biya ta hanta tukun kafin ya kai zuciya.

Yadda a ke shiga

In an duba hanta da madubin likita, sai a ga ƙwayoyi ne ƙanana ƙanana jere kamar ɗakunan gida, jini na bin lunguna tsakaninsu a hankali. Kowace ƙwaya tana da ƙofofi a jikinta. Akwai ƙofa ta musamman don gishirin matsarmama, likitoci suna kiranta NTCP, ita ce ke zare shi daga cikin jini. Akwai kuma waɗansu ƙofofi masu faɗi, su ba su da zaɓe sosai: su kan shigo da magunguna iri iri, da launin rawaya wanda ke fita daga jinin da ya tsufa. Waɗansu abubuwa ma ba su neman ƙofa, ratsa bango su ke yi kamar yadda mai ke ratsa takarda.

Abin da ya shiga, hanta ta kan sarrafa shi, ta tura wani cikin matsarmama ya fita ta bayan gida, wani kuma ta mai da shi jini ya fita ta fitsari. Amma fa ba kullum a ke wanyewa lafiya ba. Akwai abin da in hanta ta juya shi sai ya fi dā dafi, ita ce kuma ta fari da zai cuta.

Funfunar hatsi

Babban misali shi ne dafin funfuna. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka iske tunkuzar gyaɗar da aka ba su, wadda ta zo daga Barazil, tana da dafin wata funfuna, aka sa masa suna afalatoksin. Funfunar nan tana nan ƙasarmu. Tana son gyaɗa da masara, musamman waɗanda fari ya taɓa a gona, ko ƙwari suka huda, ko aka zuba rumbu da sauran danshi. Dahuwa ba ta kashe dafin, suya ma haka. Ba lalle ka ji kome ba ran da ka ci. Kaɗan kaɗan ya ke ɓarna, shekara da shekaru, har ya kai ga ciwon daji na hanta.

Saboda haka shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, har ta yi ƙara in an girgiza ta. Gyara rumbu kafin kaka. Tsince wadda ta yanƙwane, ko ta sake launi, ko ta yi ɗaci. Mun sani zubad da abin da aka yi wa gumi da wuya, shi ya sa a kan ce a yi ƙuli-ƙuli da ita, ko a bar wa yara. Wannan kuskure ne babba. Kada kuma a ba saniyar tatsa, gama dafin ya kan biyo nono.

Ɓarawon da ya san ƙofa

A shekarar 2012 masana a Bejin ta ƙasar Sin suka gano cewa ƙwayar cutar hanta mai lamba B, ta ƙofar gishirin matsarmama ta ke shiga. Ta kan maƙale a bakin ƙofar, a jawo ta ciki. Ta jini ta ke yaɗuwa, da saduwar namiji da mace, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Aska ɗaya da wanzami ya yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, ko allurar da aka maimaita, ta isa.

In babba ya kamu, galibi jikinsa ya kan kore ta. Jariri kuwa, wajen 9 cikin 10 na waɗanda suka kamu wajen haihuwa, ta zauna musu ke nan. Wanda ke ɗauke da ita kuma yana cin hatsi mai funfuna, haɗarinsa na ciwon daji ya ninka ƙwarai.

Akwai rigakafi, tun 2004 aka sa shi cikin alluran yara na Nijeriya, kyauta ne. Ta farko a cikin awa 24 bayan haihuwa a ke so a yi ta, sauran kuma a mako 6, da 10, da 14. Ko a gida aka haihu, kada ka jira ranar suna. In mai jego ba za ta fita ba, kaka ko gwaggo ta kai jaririn asibiti mafi kusa. Ran aski kuma sayi sabuwar reza ka miƙa wa wanzami.

Magani

Farasitamol magani ne mai kyau, amma babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a cikin awa 24. Lura, magungunan mura da haɗin gajiya da a ke tallarsu a kasuwa sau da yawa da shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, shi ma ta hanta zai bi. Mai shan maganin tarin fuka, in ya ga idonsa ya yi rawaya, ya koma wurin ma'aikacin lafiya ran nan.

In hanta ta gaza, launin rawaya da gishirin nan su kan taru cikin jini. Alamunsa ke nan: shawara a ido, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Kada ka ɗora wa mara lafiya jiƙo a kan jiƙo. Kai shi Babban Asibitin Tambuwal ko asibitin da ke kusa da kai a auna jininsa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafi da kwalin duk maganin da ya sha. Jariri kuma, in shawara ta fito masa tun ranar farko, ko ta wuce mako biyu, ko kashinsa ya yi fari, a kai shi ba tare da jinkiri ba.