Hakkin Mai Jinya A Kan Jama'ar Musulmi

Darasinmu na wannan mako a kan mutumin da akan manta da shi ne in an je duba marar lafiya, watau mai jinya. Muna nufin miji ko matar da likita ya sanar da su cewa ciwon dajin da ke jikin abokin zamansu ya riga ya bazu, ba sauran batun warkewa, sai dai a yi ta rage masa zafi har wa'adi ya cika.

A shekara ta 2 bayan Hijira, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita zuwa Badar, 'yarsa Ruƙayya tana kwance ba lafiya. Sai ya bar mijinta, Usmanu ɗan Affan, a Madina domin ya yi jinyarta, ta kuwa rasu kafin mayaƙa su komo gida. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya tabbatar wa Usmanu ladan wanda ya halarci Badar, da kasonsa na ganima. Ashe ke nan zaman da miji ya yi a gefen shimfiɗar matarsa an auna shi da tsayuwar mai takobi a ranar da Allah ya rarrabe gaskiya da ƙarya.

Wannan ya isa gargaɗi ga mazajen da, da zarar ciwo ya tsananta, sai su kwashi mace su kai ta gidan iyayenta, su ɗauke ƙafa, wani ma har ya shiga neman aure. Jinya ibada ce, kuma ba a kan mata kaɗai ta rataya ba.

Shari'a ta san nauyin wannan aiki, shi ya sa ta sassauta wa mai yinsa. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halilu an lissafa jinya a cikin uzurorin da ke halatta barin sallar Juma'a da ta jam'i. Abdullahi ɗan Umar ma ya taɓa barin Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da ya ji ciwonsa ya yi tsanani.

To, mene ne mai jinyar ciwon daji yake ɗauke da shi? Shi ne mai juya majinyaci dare da rana don kada kwanciya ta jawo masa gyambo. Shi ne mai wanke shi, mai ba shi kunu da cokali, mai ƙidayar sa'o'in maganin zafi. Shi ne ya yi ta hawa mota zuwa Shika ko Sakkwato domin gashi, ya kwana a kan tabarma, ya sayar da gona ko keken ɗinki. Amma in baƙi suka shigo, da wuya a sami mai tambayarsa ko ya ci abinci.

Saboda haka yana da hakkoki a kanmu. Na farko, dangi da maƙwabta su tsara karɓa-karɓa, ko da dare ɗaya ne a mako, domin ya runtsa. Na biyu, a taimaka da dukiya. Wanda bashin magani ya yi wa katutu yana cikin kashi 8 na masu cin zakka da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Kwamitocin masallatai su neme shi, kada su jira kunya ta bar shi ya roƙa. Na uku, shugabannin wurin aiki su ba shi hutu ba tare da yi masa gori ba. Na huɗu, a tsare harshe. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta wurin zama ko cin abinci tare, saboda haka babu dalilin ƙyama. Zargin kishiya da sammu kuwa zato ne, ba ya ƙara wa gida komai sai gaba.

Kai kuma mai jinya, namiji ko mace, ka sani gajiya ba zunubi ba ce. Salmanu ya gaya wa Abud Darda'i cewa ransa yana da hakki a kansa, Annabi kuwa ya gaskata shi. Hawaye ma ba rashin tawakkali ba ne, domin idanun Annabi sun zubar da su a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Kada ka hana majinyaci maganin rage zafin da likita ya rubuta da sunan haƙuri. In ka ga alamar lokaci ya gabato, ka riƙa ambaton kalmar shahada a kusa da shi a hankali, ba tare da matsa masa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri, ya sa mu cika da imani, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.